Saman shago: ku yaushe rabonku da share shi?

Mai atamfa, Kasuwar Wunti: Salamu alaikum jama'a. Jiya wata Hajiya ta ce in sauko mata da shadda daga kantar sama, ina jawowa ƙura ta zubo mata a mayafi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kullum yarona yana sharar ƙasa, amma silin da fanka tun kafin hunturu ba wanda ya taɓa su. Ku ya kuke yi?

Mai gyaran wuta, Gombe: Alhaji, kunya ai da sauƙi. An kira ni wata filaza, wai wuta na yawan ɗaukewa a saman bene. Da na buɗe silin, yanar gizo-gizo da ƙura sun lulluɓe wayoyi, ɓera ya gwaguye robar jikinsu, har ya tara tsummoki ya yi gida daidai inda aka haɗa waya. Tartsatsi ɗaya ya isa. Ginin kuwa daga waje ya sha fenti kamar gidan amarya.

Ma'aikaciyar jinya, Bauchi: Zancen ɓeran nan ya sa na tsoma baki. Bauchi na cikin jihohin da zazzaɓin Lassa ya fi addaba, tare da Ondo da Edo, kuma da rani ya fi tashi. Ta fitsari da kashin ɓera ake ɗaukarsa. Na taɓa shiga shagon kayan masarufi ana kakkaɓe sama, buhun shinkafa da na gari a buɗe a ƙasa. Ban saya ba. Don Allah a rufe kayan abinci, a sa takunkumi da safar hannu, a yayyafa ruwa mai Hypo kafin a share, kada ƙurar ta tashi.

Mai gyaran wuta, Gombe: Gaskiya ne Anti, amma a kashe wuta daga mita tukuna.

Mai kemis, Pantami: Ni sola ce ta koya min. Batir ya daina kai ni dare, har na fara cigiyar sabo. Ashe ƙurar hunturu ce ta rufe faifan da ke kan kwano. Bokiti ɗaya da tsumma suka gyara.

Tela, Jekadafari: Ku dai ku nemi tsani mai kyau. Na ɗora benci a kan tebur zan goge fanka, sati 3 ban taka keke ba, ga ɗinkin Sallah jibge.

Mai atamfa, Kasuwar Wunti: Allah ya ƙara sauƙi. Wa ke da dogon tsani a layinmu? Zan aro ranar Lahadi.