Baƙin da ba a gani a bautar Hindu: abin da 'yan'uwa suka gani a Indiya

Mai tambaya, Kano: Assalamu alaikum. 'Yan'uwa da kuka zauna Indiya, me ya sa Hindu ke barin shimfiɗa babu kowa a kai lokacin ibada, su kuma ajiye abinci a waje? Wanda ya gani da ido ya warware mana.

Ɗalibi, Varanasi: Wa'alaikumussalam, Malam. Shimfiɗar ta Hanuman ce, abin bautarsu mai siffar biri. A imaninsu, duk inda ake karanta labarin Rama, abin bautar da shi Hanuman ke yi wa hidima, sai ya zo saurare. Kafin a fara akan shimfiɗa jan ƙyalle kusa da littafin a ɗora fure, ba mai zama, ba mai tsallakewa. Karatun da ba a yankewa, wanda suke kira akhand path, yakan ci kusan awa 24. Karɓa-karɓa ake yi, kuma sai mai karɓa ya kama baiti kafin na farko ya yi shiru. Fitilar man shanu ce ke ba su wahala, domin ba a so ta mutu. Idan za a gyara lagwani, sai a fara kunna wata daga jikinta.

'Yar'uwa, Pune: Yaya mai tambaya, ka ɗauki abin kamar karɓar baƙo, nan take za ka gane shi. Cikakkiyar puja, wato ibadarsu, matakai 16 ce: a kira abin bautar, a ba shi wurin zama, ruwan wanke ƙafa, na kurkure baki, wanka, sutura, shafin itacen sandal mai ƙamshi, fure, turare, fitila, abinci, har zuwa ƙarshe. Masaukinsa sau da yawa tukunyar tagulla ce cike da ruwa, ganyen mangwaro 5 a bakinta, kwakwa a sama. Ƙararrawa kuma aiki biyu take yi, kamar yadda addu'ar kaɗa ta ke faɗa: kiran alloli da korar miyagu. Wasu limaman har sukan buga dunduniyar hagu a ƙasa sau 3 don ruhohin da suke kira bhuta su ba da wuri. Kuskuren da suka fi ƙi shi ne a ɗanɗana girki kafin a miƙa, don ya zama saura, ba a ba baƙo saura. Na biyu, a manta da sallama. Wanda aka kira cikin tukunya sai an sallame shi, shi ne visarjan.

Abincin waje kuwa galibi na kakanni ne. A Pitru Paksha, lokacin tunawa da kakanni, kwana 15 zuwa 16 da kan faɗo wajen Satumba, ana dunƙula dafaffiyar shinkafa da baƙin riɗi, mai miƙawa ya fuskanci kudu. Ana ware rabon saniya, kare, tururuwa da hankaka. A nan Maharashtra, ranar goma da rasuwa, dangi kan tsaya nesa suna jiran hankaka ya taɓa dunƙulen. Idan ya ƙi, sai su ce mamacin na da buri da bai cika ba, wani ya fito ya yi alkawari da babbar murya, misali zai riƙe marayun. In jira ya yi tsawo, a ƙulla siffar hankaka da ciyawar darbha a taɓa da ita. Wurin kan yi tsit, abin akwai taɓa zuciya.

Ma'aikacin jinya, Thrissur: A Kerala, ƙananan duwatsu ne kewaye da ɗakin gunki, balikkal. Kowanne mazaunin wani hadimi ne ko mai gadin wata kusurwa, liman na bi yana zuba musu shinkafa da ruwa ana kiɗa. Ba a takawa.

Ɗan kasuwa, Mangaluru: Na nan ya fi kusa da abin da Bahaushe zai kira hawan iska, ko da yake tsarinsa daban ne da bori. Sunansa bhuta kola, da dare ake yi a lokacin rani, kuma gadon wasu iyalai ne. Mai yin zai zana fuska, ya ɗaura bante na ɗanyen ganyen kwakwa, ya sa manyan ƙarafan ƙafa masu kacau-kacau. Idan ɗaya daga ruhohin, kamar Panjurli ko Guliga, ya hau shi, masu rikicin gona ko gado kan matso su kai ƙara, ya yanke musu magana a gaban jama'a kafin gari ya waye.