Muhawara: Ogan ɗin filin shagali na ginin gida, a sa masa rajista ko a bar bututu su yi ta kuka tare?

Malam Habu: Jama'a, ga matsayina. Duk mai son gina ogan, wato kayan kiɗan nan mai bututun iska, irin na filayen shagalin Turai a gida, wanda ake kafawa kusa da lilon dawakai yana kaɗa kansa da littafin kwali mai huji ko naɗin takarda, to a ginin farko ya manta da rajista. Rajista ita ce makunnin da ke buɗe sahun bututu guda ko ya rufe shi ana cikin kiɗa. Ya yi sahu biyu ko uku a kowane sashe, duka su yi kuka tare. Wurlitzer na Amurka sun sayar da ɗimbin ƙananan ogan masu bin naɗi samfurin 125, bututunsu ba kunnawa ba kashewa, kuma an sha kiɗa da su. Kowace rajista ƙarin bawul ce da ƙarin kafar da iska za ta zurare.

Injiniya Ladi: Malam, ban yarda ba. Wurlitzer ɗin da ka ambata, da suka zo kan samfurin 165 ai rajista suka zuba masa, mai kulle sahu a buɗe da mai sakin sa duka, don kunne yana gajiya da murya ɗaya. Ko ƙananan ogan na garin Waldkirch a Jamus, da yawansu suna da makunnin ƙarfi da na sanyi. Kuma tsadar rajista a da, guri ce a kan kwali. Tun da Anselme Gavioli ya fito da tsarin littafin kwali a Faris a 1892, kowace rajista sai ta ci layin huji nata. Yau mai gini a gida yawanci MIDI yake sawa, wato tsarin da kwamfuta ke aika wa kayan kiɗa umarni, layi ba ya ƙare masa.

Baba Audu: Ku dakata, kun tsallake abin da ake fara yankewa. Kafin sahu, kafin rajista, sai an zaɓi jerin sautukan da ogan zai iya, domin shi ne ke nuna kiɗan da za ka samu a shirye. Jerin 20 na ƙananan ogan ɗin titi bas, wato sautuka masu kauri, uku kacal gare shi: F, B♭ da C. Na 165 kuwa bas 6, rakiya 10, jagora 22, amshi 14, jimla 52. A ɗauki wannan a lissafa: bas sahu biyu 12, rakiya sahu biyu 20, jagora sahu uku 66, amshi sahu ɗaya 14. Bututu 112 ke nan, kowanne sai an fere shi, an yanka masa baki, an gyara masa murya. A kan wannan lissafi za ku yi gardama.

Malam Habu: Madalla, Baba, ka taimake ni. Wanda ke da bututu 112 a gabansa, aikinsa ya ishe shi.

Injiniya Ladi: Ni ya taimaka, Malam. Dubi jagora: sahu uku. A ce ɗaya sarewa ce mai toshe, biyu kuma na goge ne, siraran nan masu ƙaramin farantin tagulla a gaban baki da ke hana su tsallakewa zuwa oktab na sama, wato sautin nan dai amma a siririyar murya. Idan ukun suna kuka kullum, goge zai danne sarewa, wahalar sahu guda ta tafi a banza. Bawul ɗaya da zai yanke wa gogen iska ya isa ya ba ka murya biyu daga katakon da ka riga ka fere.

Malam Garba mai gyaran murya: Ina tare da Injiniya a nan, amma akwai kuskuren da masu son rajista ke yi, kuma shi ne Malam Habu ke jin tsoro ko da bai faɗa ba. Suna zaton ƙara sahu yana ƙara ƙarfi sosai. Ninka sahu iri ɗaya desibel 3 kawai yake ƙarawa a ma'aunin ƙarfin sauti, amma iskar da ake sha ta ninku. Ƙarfin ogan ɗin fili daga matsin iska yake fitowa da faɗin bututu da yankan baki. Ogan ɗin coci yana aiki a kan kamar milimita 60 zuwa 100 na ruwa, na fili kuwa wajen 200 zuwa 250. Ana aunawa da siririn tiyo mai garai-garai, a lanƙwasa shi kamar harafin U, a zuba ruwa rabi, a jona baki ɗaya da akwatin iska, a karanta tazarar ruwan ɓangarorin biyu.

Kuma dole a tsayar da matsin kafin a yanka baki ko ɗaya. A ƙaramin matsi, tsayin baki kamar kashi ɗaya cikin huɗu na faɗinsa ne. Matsi na hawa, bakin na buƙatar ƙarin tsayi. Bututun da aka gyara a 100, ka kai shi 200, ihu zai yi ya haura sama. Ana iya ƙara yanka, amma abin da wuƙa ta cire ba ya dawowa, don haka a fara da ƙasa-ƙasa a riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan.

Baba Audu: In ƙara da zugazugi da ma'ajiyar iska. Milimita 200 na ruwa giram 20 ne a kan kowane murabba'in santimita. Saman ma'ajiya mai santimita 60 da 40 yana da murabba'i 2,400, wato sifirin ɗinsa sai ya danna da ƙarfin kilo 48. Mutane na raina wannan, su sa katako siriri ya bankare. Gwajin shi ne a danna sautuka mafi yawa da kiɗa zai iya haɗawa lokaci guda, duk sahu a buɗe, a dubi ruwan tiyo. Ni a ganina in ya faɗi fiye da kashi ɗaya cikin goma, a faɗaɗa hanyar iska ko a rage sahu, domin jagora za ta riƙa sauka duk lokacin da bas ya shigo.

Malam Habu: To kun gani. Da rajista, nauyin da ke kan iska yana canzawa kwatsam a tsakiyar waƙa. Kuma da me za a yi ta? Da sulɓin katako mai huji da ake ja gefe, irin na coci? A matsin 200, in hunturu ya busar da shi iska ta zurara bututun kusa ya riƙa gunaguni, in damina ta kama ya kumbura ya cije.

Injiniya Ladi: Ba wanda ya ce sulɓi, Malam. Hanya biyu ce. Ko dai kowane sahu ya samu ɗakin iskarsa, da bawul babba a ƙofa mai kushin fata, a rufe sahu ya yi shiru. Ko kuma kowane bututu ya samu maganaɗisunsa na bolt 12, rajista ta koma aikin kwamfuta. Ta biyun ta fi sauƙin kafinta amma maganaɗisu 112 ne maimakon 52, kowanne da dayod ɗinsa, ɗan abin da ke tare komawar wuta, don kada ya ƙone allon lantarkin. Ba ta dace da manyan bas ba: rami mai faɗin milimita 30 iska na danna murfinsa da kusan giram 140, ga sifirin kuma. Nan ƙaramin maganaɗisu zai buɗe wa jakar fata iska, ita ta ja murfin.

Hajiya Binta: Ni abin da ya dame ni guri ne, ba ku taɓo shi ba. Buɗaɗɗen bututu na C mai ƙafa 8 ya kai mita 2.4. In aka toshe kansa, rabin wannan ya isa, shi ya sa bas na gida toshe ake yi, a karya shi da kusurwa a kwantar ƙarƙashin akwati. Faɗin bututu kuma, a ma'aunin Töpfer da masu ginin ogan ke bi, yana komawa rabi a sauti na 17 in ana hawa. A zana kowane bututu da kaurin katakonsa a takarda mai girman gaske kafin a huda akwati, a bar fili gaban kowane baki. Bututu biyu masu sauti ɗaya in sun fuskanci juna kusa, sai su ja juna su saɓa. Wannan ya fi tsanani ga sahun tagwaye mai rawar murya da Carl Frei ya shahara da shi a Holan, inda ake ɗan saɓa sahu ɗaya da gangan don a ji kaɗawa. In sun matsu ba katanga a tsakani, sai su haɗe, rawar ta ɓace. Sahu irin wannan kuwa, Malam Habu, ba ya yiwuwa ba rajista, don ba kowace waƙa ke son rawa ba.

Malam Garba mai gyaran murya: Haka ma kakaki masu harshen tagulla. Bututun baki yana hawa kamar santi 3 (santi kashi ɗaya ne cikin ɗari na rabin sauti) a kowane digiri ɗaya na zafi a ma'aunin Celsius, harshe kuwa kusan ba ya motsi. Tsakanin sanyin safiya da zafin azahar a samu digiri 10, saɓani ya kai santi 30, kusan sulusin rabin sauti. In ba makunnin kashe kakaki, ko ka tsaya ka bi wayar gyaran kowanne, ko ka kaɗa da saɓani.

Malam Habu: Kan kakaki da tagwaye na sallama, in za a sa su. Amma cewa nake kada a sa su a ginin farko, kuma a nan ban motsa ba.

Injiniya Ladi: To aƙalla a raba ɗakin iskar goge tun yanzu, a bar ramuka 14 na kakaki a sashen amshi a like da fata da gam. Huda akwati bayan an haɗa shi yana zuba garin katako cikin bawuloli.

Baba Audu: In za a bar ramuka, a auna zugazugi da sahun da bai zo ba tukuna, kuma a shafe cikin akwatin da ruwan gam sau biyu kafin a rufe.