Idan bireka ta ƙi tashi: abin da masu gyaran wuta suka ce

Masu gyaran wuta sun tattauna kan abin da za a yi idan bireka, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa idan an sami matsala, ta faɗi ta ƙi tashi. Shawarar da kusan kowa ya fara kawowa ita ce a duba hannun bireka da kyau. Wasu ire-irenta idan sun faɗi, a tsakiya suke tsayawa, sai an danna su ƙasa gaba ɗaya an ji "ƙas", sannan su yarda su hau. Idan kuma kaya ne suka yi mata yawa, siririn ƙarfen da ke cikinta ya yi zafi, a ba ta 'yan mintuna ta huce.

Ta sake faɗuwa? A zare duk abin da ke kan layin, a kashe fitilu, a ɗaga. Idan ta tsaya, a riƙa mayar da kayan ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ya tona kansa. Dutsen guga da hita aka fi kamawa. Idan ba komai a jone amma tana faɗuwa nan take, waya ce ta haɗe a bango, ko ruwa ya shiga soket na waje. Irin wadda ke kare mutum daga jan wuta, 'yar wutar da ta zurare, miliamfa 30 kacal, ke kayar da ita. Hannu ya saki kuwa, yana lilo, birekar ce ta mutu.

An ɗan yi gardama kan ko mai gida zai iya canza ta da kansa. Na fi karkata ga masu cewa a'a, domin ko an kashe babban makunni, wayoyin da ke shigowa akwatin suna ɗauke da wuta. Ba wanda ya goyi bayan cire bireka mai amfa 16 (ma'aunin yawan wutar da take ɗauka) a sa mai 32: wayar ce za ta yi ta zafi a cikin bango. Da an ji ƙauri ko an ga baƙi a jikin roba, a bar ta a kashe a kira mai gyara.