Ina so in sayi hannun jarin UBA saboda rabon ribar shekara, masu sani ku ba ni shawara

Ɗan_Kwari:
Salamu alaikum 'yan uwa. Na sayar da wani ɗan fili na samu wajen naira miliyan biyu, kuma gaskiya bana son in zuba su a shago dan kasuwar atamfa yanzu sai a hankali, kaya na kwana a kanta wata uku. Wani abokina ma'aikacin gwamnati ke ta zuga ni wai in sayi shiyar UBA, wato hannun jarin bankin, yace duk shekara ana turo masa alat sau biyu yana zaune, kuma wai tunda bankin yana da rassa a ƙasashen Afirka 20 har da Landan da Niyok da Faris da Dubai, ko naira ta faɗi shi baya jin jiki. Haka abin yake ko dai daɗin baki ne? Kuma ta ina ake farawa?

Baffa_Sabongari:
Wa alaikumus salam ƙanena. Abokinka bai yi ƙarya ba amma rabin labari ya baka. Eh UBA na Gana da Kamaru da Chadi da Kenya da sauransu, kuma lokacin da aka saki naira kasuwa ta riƙa yanke farashinta a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu har ta wuce 1,500 a 2024, to duk abin da rassan waje suka samu da aka juya shi zuwa naira sai ya kumbura, ribar bankunan ta yi tashin gwauron zabi a takarda. Sai dai wannan kumburin ba duka ne ke isowa aljihunka ba. Tun a 2023 ɗin CBN, wato Babban Bankin Najeriya, ta hana bankuna raba ribar canjin kuɗi ga masu hannun jari, a 2024 kuma gwamnati ta ɗora mata haraji na musamman. Kaga kenan bankin ya samu kariya, kai kuma naira za a biya ka, nairar da kake gudu.

Bari mu yi lissafi. Na shekarar 2024 UBA ta biya naira 5 kan kowane hannun jari, 2 a tsakiyar shekara 3 a ƙarshe. Ka ɗauka ka saya a naira 35, farashin da suka sayar wa tsofaffin masu hannun jari a ƙarshen 2024, miliyan biyunka za ta baka kusan guda dubu 57, sau biyar ya kama dubu 285, a cire harajin kashi 10 cikin ɗari tun kafin ya shigo asusunka, saura wajen dubu 256. Ba laifi ko? To amma a shekarar nan hauhawar farashi ta haura kashi 30, wato abin da aka baka bai ma rufe abin da buhun shinkafa ya ci ba, sai in farashin shiyar kanta ya hau, kuma hawa da sauka ba a hannun kowa yake ba. Farashin yau ma ba lallai 35 bane, ka duba kafin ka yi lissafinka.

Wani abu kuma, rabon nan ba albashi bane. A Yunin 2025 CBN ta fitar da takarda ta dakatar da biyan riba ga bankunan da aka ɗaga wa ƙafa kan wasu basussuka har sai sun gyara littafinsu, ranar ka ga yadda mutane suka rikice a gurup ɗinmu. Ga batun ƙarin jari, banki mai lasisin ƙasa da ƙasa sai ya tara biliyan 500, shi yasa tun 2024 suka yi ta fitar da sababbin hannayen jari, in baka ƙara saya ba kasonka raguwa yake.

Farawa kuwa ba wuya, dillali mai rajista da SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari, zaka nema, yanzu da yawansu suna da manhaja a waya, da BVN da NIN za su buɗe maka asusun CSCS, inda ake ajiye hannun jarinka, su baka lambarka. Ka cike fom ɗin da za a riƙa turo ribar kai tsaye banki, kar ka yi wasa da wannan.

Abu_Hanan:
Malam duk wannan lissafin na Baffa daidai ne amma ni tambayar da banga an yi ba ita ce, ribar daga ina take fitowa? Babbar hanyar samun irin bankunan nan bashi da ruwa ne, da takardun bashin gwamnati masu ruwa, kuma wanda ya sayi hannun jari ya zama ɗaya daga cikin masu bankin, ba kamar mai ajiya ba. Ni dai malaman da na ji sun yi magana basu halatta ba. Ba fatawa nake bayarwa ba, ka samu malamin da ka yarda da iliminsa ka zauna dashi kafin ka tura ko kwabo. In kasuwar kake so akwai Jaiz, bankin da ba ya harkar ruwa, a cikinta tun 2017, akwai sukuk, wato takardar zuba jari marar ruwa, na gwamnatin tarayya da ake yin tituna dashi, akwai kuma jerin kamfanonin da aka tace bisa ƙa'idar Musulunci a kasuwar hannun jari, ana kiransa NGX Lotus. Rabon Jaiz ɗan kaɗan ne in ka haɗa da na UBA ko Zenith ko GTCO, wannan ba sai an ɓoye ba.

Maman_Ilham:
Hmm wannan zance ya tuna min Babanmu Allah ya jiƙansa. A 2007 lokacin da kowa ke rububin shiya har masu shayi, ya kwashe kuɗin sallamarsa ya zuba a wani babban banki, ba sai na kira suna ba, shima lokacin ana ta cewa yana da rassa a waje ba abin da zai taɓa shi. 2008 kasuwa ta rushe, Agustan 2009 Sanusi yana gwamnan CBN ya sauke shugabannin bankuna biyar rana ɗaya, daga baya aka haɗe nasa da wani. Bayan rasuwarsa muka buɗe akwatin ƙarfensa muka tarar da satifiket ɗin a cikin leda tare da takardar gida, ga wasiƙun riba da ba a taɓa karɓa ba har sun yi ja. Wallahi yayana ya fi shekara yana zarya tsakanin kotu da ofishin masu rajistar hannun jari, a ce sa hannu bai yi daidai ba, a ce sunan ya bambanta da na banki, abin da ya fito ƙarshe ko kuɗin motar bai mayar ba. Ban ce kar ka saya ba ɗan uwa, amma kar ka zuba duka wuri ɗaya, kuma ka sanar da iyalinka inda takardun suke.

Ɗan_Kwari:
Allah ya jiƙan Baba, na gode ƙwarai. Abu Hanan maganarka ta tsaya min a rai, gobe bayan Magariba zan tari malaminmu da ita. Baffa dan Allah shi sukuk ɗin shima ta wajen dillalin ake saya ko sai gwamnati ta buɗe?

Baffa_Sabongari:
Duka biyun. In DMO, ofishin kula da bashin gwamnati, ta buɗe sabo ana sanarwa, ka cike fom ta banki ko dillali, tsofaffin kuma suna kasuwa sai dai ba kullum ake samun mai sayarwa ba, ka ce dillalin ya sa maka ido.