Da Tarayyar Sobiyat tana nan, da an yi wa Iraƙi da Libiya abin da aka yi musu?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum. Tun da aka ga matasa na ɗaga tutar Rasha a zanga-zangar Kano ta watan Agustan 2024, bayan irin wadda aka gani a Yamai a 2023, wata magana ta dawo bakin mutane a majalisu: wai da can duniya tana da iyaye biyu, idan Amurka ta matsa maka sai ka ruga Mosko, amma tun da Sobiyat ta wargaje a 1991 muka zama marayu, ƙasashen Yamma na cin karensu babu babbaka. Ina roƙon masana tarihin cikinmu su warware mana. Shin da gaske Sobiyat tana taka wa Amurka burki a lokacin? Me Afirka ta samu a hannunta wanda za a iya nunawa da yatsa? Kuma Rashar yau za ta iya tsayawa a gurbinta?

Malam Habu Zariya:

Wa alaikumus salam. Malam Ɗan Fagge, dattawan da ke faɗar wannan magana ba shaci-faɗi suke yi ba, akwai abin da suka gani.

Ka ɗauki Masar. A watan Yulin 1956 Amurka ta janye alkawarin kuɗin gina madatsar ruwan Aswan, saboda Gamal Abdel Nasser ya sayi makamai daga ɓangaren gurguzu kuma ya amince da gwamnatin Sin. Cikin mako guda Nasser ya ƙwace mashigin Suez daga hannun kamfanin Birtaniya da Faransa. Daga baya Sobiyat ta ba da rance da injiniyoyi, aka fara aiki a 1960 aka gama a 1970, da injinan lantarki 12 masu ba da megawat 2,100. Da ƙofa ɗaya ce a duniya, ranar da Washington ta ce a'a magana ta mutu.

A Majalisar Ɗinkin Duniya ma haka. Kuduri mai lamba 1514 na Disambar 1960, wanda ya ce a kawo ƙarshen mulkin mallaka ba tare da sharaɗi ba, shugaban Sobiyat Khrushchev ne ya fara kawo maganarsa, ƙasashen Afirka da Asiya suka tsara nasu daftarin ya wuce da ƙuri'a 89. Ƙasashe tara suka ƙaurace, cikinsu har da Amurka da Birtaniya da Faransa da Beljiyam da Fotugal.

Mu nan gida, a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 Amurka ta ƙi sayar wa gwamnatin Gowon makamai, Birtaniya ta ba da na ƙasa amma ta hana jiragen yaƙi, Faransa kuwa tana taimakon Biyafara ta ƙarƙashin ƙasa. Jiragen MiG-17 daga Sobiyat suka zo. Sai kuma Angola a 1975: sojojin mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu sun kutso daga kudu, Amurka na mara wa ƙungiyoyin FNLA da UNITA baya a yaƙinsu da ƙungiyar MPLA mai ra'ayin gurguzu, abin da ya tsayar da su shi ne sojojin Kyuba da makaman Sobiyat. Da shugaban Amurka Ford ya rubuto wa shugabannin Afirka wasiƙa yana neman kada su amince da MPLA, gwamnatin Janar Murtala ta wallafa wasiƙar a jarida, shi kuma ya tsaya a taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka (OAU) a Addis Ababa ranar 11 ga Janairun 1976 ya ce Afirka ta kai munzali, ba mai yi mata iyayen gida. Ƙarfin halinsa ne, Allah ya jiƙansa, amma ya san idan Amurka ta juya masa baya akwai inda zai sayi makami.

Yanzu ka kwatanta da 2003. Amurka da Birtaniya suka shiga Iraƙi ba tare da Kwamitin Sulhu ya ba su izini ba, a kan zargin makaman ƙare-dangi da har yau ba a gani ba. Kofi Annan, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, da kansa ya ce yaƙin ya saɓa wa dokar Majalisar. Ba wanda ya iya hana su.

Malama Binta:

Malam Habu, duk abin da ka kawo gaskiya ne, amma rabin shafin ka karanta mana.

Mu fara da Suez ɗin. Ranar 5 ga Nuwambar 1956 Mosko ta aika wa Birtaniya da Faransa wasiƙun barazana kan harin da suka kai wa Masar. Kwana ɗaya kafin nan, ranar 4 ga wata, tankokinta suka shiga Budapest suka murƙushe mutanen Hungari da suka nemi fita daga ƙarƙashinta. Kuma abin da ya fi karya gwiwar Birtaniya a Suez shi ne matsin da shugaban Amurka Eisenhower ya yi wa kuɗinta, fam yana neman faɗuwa aka hana ta rance. A 1968 kuma tankokin suka shiga Prague, babban birnin Cekoslobakiya.

Batun taka burki kuwa, ina burkin yake lokacin da aka kifar da firaminista Mossadegh a Iran a 1953 da hannun Amurka da Birtaniya? Ina yake ranar 17 ga Janairun 1961 da aka harbe Lumumba, firaministan Kwango na farko, a Katanga da hannun jami'an Beljiyam a ciki? Neman taimakon Sobiyat da ya yi ma shi ya ƙara sa Amurka ta ɗauke shi abin kawarwa. Abin da Mosko ta iya yi masa shi ne sanya wa jami'a sunansa, Kwango kuwa ta zauna hannun Mobutu daga 1965 har 1997. Shugaba Allende na Chile, mai ra'ayin gurguzu, ya faɗi a juyin mulkin 1973. Libiyar da ake magana a kai, jiragen Amurka sun yi wa Tarabulus da Bengazi ruwan bama-bamai a Afrilun 1986, Sobiyat tana raye, makamanta ne ma ke gadin sararin ƙasar. A Nuwambar 1990 da aka kawo kudurin da ya halatta yaƙar Iraƙi kan Kuwaiti, Sobiyat hannu ta ɗaga ta amince.

Sai abin da ya fi damuna, wanda masu kewar nan ba sa son a taɓo. A 1977 Somaliya ƙawar Mosko ce, Moskon ce ta horar da sojojin shugabanta Siad Barre, tana da sansani a Berbera. Da Mengistu ya hau mulki a Habasha, ƙasa mafi girma da yawan jama'a, sai Mosko ta koma wajensa. A yaƙin Ogaden tsakanin Somaliya da Habasha ta kwaso makamai ta jiragen sama da dubban sojojin Kyuba aka fatattaki tsohuwar ƙawar a Maris ɗin 1978. Amurka ta karɓi Berbera. Mengistun nan shi ne ya yi ta kashe ɗalibai a titunan Addis Ababa, a zamaninsa aka yi yunwar 1984, kuma makami bai daina zuwa masa ba. Ƙasashen biyu duk a 1991 gwamnatocinsu suka rushe, Somaliya har yau ba ta gama farfaɗowa ba.

Mu Musulmi kuma ya kamata mu tambayi 'yan'uwanmu da suka zauna a cikin Sobiyat. A Fabrairun 1944 Stalin ya kwashe al'ummar Chechen da Ingush gaba ɗaya, aka loda su a taragun dabbobi zuwa tsakiyar Asiya cikin hunturu. A watan Mayun shekarar aka yi wa Tatar na Kirimiya haka. An rufe dubban masallatai, aikin Hajji kuwa sai 'yan tsiraru da hukuma ta tace. Afganistan ta sha wuta daga Disambar 1979 zuwa Fabrairun 1989, miliyoyin mutane suka yi gudun hijira zuwa Pakistan da Iran. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: ƙasashen da suka zauna ƙarƙashin Mosko su ne suka fi kowa gaggawar neman shiga NATO, ƙungiyar tsaron ƙasashen Yamma.

Injiniya Sule:

Ni ta ɓangaren tattalin arziki zan shigo, don can ne amsar take a ganina.

Abin da Najeriya za ta nuna da yatsa shi ne kamfanin ƙarfe na Ajaokuta. An sa hannu da kamfanin Sobiyat na Tyajpromexport a 1979, Shagari ya aza harsashi a 1980, zangon farko an tsara zai ba da tan miliyan 1.3 na ƙarfe a shekara. Mutane na cewa Turawan Yamma ne suka kashe shi. Lallai Bankin Duniya bai taɓa son aikin ba, amma ku dubi yadda irin wannan masana'anta take aiki. Zuciyarta ita ce babban tandun narka tama. Abu uku yake ci: tama, da kwal da aka gasa ya zama dunƙulen gawayi mai tauri, da farar ƙasa. Idan aka kunna shi ba a kashewa, shekaru yake yi yana ci dare da rana, domin idan ya huce narkakken ƙarfen zai daskare a cikinsa, sai an fasa. To tamar Itakpe ƙarfen cikinta bai kai kashi 40 cikin ɗari ba, sai an niƙa an tace an kai ta sama da kashi 60. Kwal ɗin Inugu ba ya gasuwa ya yi taurin da tandun ke buƙata, dole a shigo da na waje ta teku. Layin dogon da zai haɗa Itakpe da Ajaokuta da Warri ba a buɗe shi duka ba sai 2020. Shi ya sa ko da aka ce aikin ya kai kashi 98 cikin ɗari, babu mai hankalin da zai kunna tandun. Injinan murza rodi da aka buɗe a farkon shekarun 1980 da ƙarfen da aka sayo suke aiki. 'Yan Sobiyat sun kafa injinansu, mu ne ba mu haɗa hanyar abincin tandun ba.

Sannan a lura da shekara guda, 1986. A shekarar gangar mai ta faɗo daga wajen dala 30 zuwa kusan dala 10. A shekarar Babangida ya kawo SAP, shirin gyaran tattalin arziki, aka fara gwanjon kuɗin waje a Satumba, dalar da ba ta kai naira ɗaya ba a 1985 ta haura naira 4. Sobiyat tana nan da ranta, me ya sa ba mu ruga can ba? Saboda faɗuwar man da ta buge mu ita ta buge ta. Da kuɗin mai da iskar gas take sayo hatsi daga Amurka da Kanada, abin da ta fara tun 1963. Kuɗinta, rubul, ba a ciniki da shi a kasuwar duniya. Tana iya ba ka tanka, da injiniya, da gurbin karatun likita, kuma 'yan Afirka da yawa sun amfana da wannan karatu, amma ba ta da dalar da za ta biya maka bashin da bankunan Landan da Paris ke binka. Mozambik da Angola da suka rungumi gurguzu su ma ƙofar Asusun Ba da Lamuni na Duniya (IMF) suka ƙwanƙwasa kafin 1991.

Malam Habu Zariya:

Malama, na karɓi gyara kan Hungari da Ogaden, kuma Allah ya saka wa Musulmin Kokasus. Amma harin 1986 na dare ɗaya ne, Gaddafi ya ƙara shekara 25 a kan mulki bayansa. Wanda NATO ta kai wa Libiya a 2011 kuwa wata bakwai aka yi ana luguden wuta har aka kashe shi ranar 20 ga Oktoba. Kudurin Kwamitin Sulhu mai lamba 1973, wanda aka dogara da shi, izinin kare fararen hula ya bayar da hana jirage tashi, bai ce a sauya gwamnati ba. Tawagar Tarayyar Afirka da shugaba Zuma na Afirka ta Kudu ya jagoranta ta je Tarabulus a Afrilu, Gaddafi ya amince da tsarin sulhunta, 'yan tawaye suka ƙi saboda sun san jiragen NATO na bayansu. Wannan shi ne bambancin da dattawa ke ji a jikinsu: da ana tsoron wuce gona da iri, yanzu ba a yi.

Ɗan Damagaram:

Yaya Habu, mu a Nijar babu mai ba mu labarin abin da faɗuwar Libiya ta jawo. Rumbunan makamai suka zama ba mai gadi, kaya suka bi ta mashigin Salvador a arewacinmu suka nufi Mali. A Janairun 2012 tawaye ya ɓarke a can, a Maris sojoji suka kifar da gwamnatin Bamako, kafin tsakiyar shekara Timbuktu da Gao da Kidal sun fita hannun hukuma. Marigayi Idriss Déby na Chadi ya faɗa wa Turawa ido da ido a Dakar a 2014 cewa sun rusa Libiya sun tafi sun bar mana ɓarnar.

Amma a duba yadda aka kaɗa ƙuri'ar wannan kuduri a Kwamitin Sulhu ranar 17 ga Maris ɗin 2011. Rasha tana da kujerar na-ƙi da ta gada daga Sobiyat, ba ta hau ba, ƙauracewa ta yi tare da Sin da Jamus da Indiya da Barazil. Ƙuri'a tara ake buƙata, aka samu goma. Uku daga cikinsu na Afirka ne: Najeriya da Afirka ta Kudu da Gabon. Da biyu cikin ukun nan sun ƙaurace, da kudurin bai wuce ba.

Tambayar Malam Ɗan Fagge ta ƙarshe kuwa, Rashar yau ba gurguzu take yi ba, kuma ba madatsar ruwa take ginawa a Sahel ba. Cinikinta da Afirka duka bai kai kashi ɗaya cikin goma na cinikin Sin da nahiyar ba. Abin da take kawowa makamai ne, da alkama, da masu horar da soja, da sojojin haya. Wagner, ƙungiyar sojojin hayar Rasha, ta shiga Mali a ƙarshen 2021. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce an kashe aƙalla mutum 500 a garin Moura a Maris ɗin 2022, a farmakin sojojin Mali da baƙin mayaƙa, Bamako kuma ta musanta. A Yulin 2024 'yan tawaye suka yi wa ayarin Wagner mummunar ɓarna a Tinzawaten.

A wajenmu sojojin Faransa sun gama fita a Disambar 2023, masu horarwa na Rasha sun sauka Yamai a Afrilun 2024, Amurkawa sun bar sansanin jirage marasa matuƙi na Agadas a Agustan shekarar. Ni ina cikin masu ganin fitar Faransa ta yi daidai, shekara fiye da hamsin ana haƙar yuraniyom a Arlit alhali yawancin ƙauyukanmu ba su san lantarki ba. Sai dai har yanzu manomin Tillaberi bai koma gonarsa hankali kwance ba, kuma ina so mu ga takardar yarjejeniyar da aka ƙulla da sababbin baƙin: nawa ake biyansu a wata, daga wane asusu, kuma wace kotu ce za ta saurari ƙarar makiyayi idan an kashe masa ɗa.