Musayar Waƙa: Rima Ta Ci Gona

Ɗan Fadama, Kwalkwalawa:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ga abin da ke cina a rai, amsa-amon "wa" ne. Mai amsa shi taho.

Da sunan Allah nika farawa,
Mai ba da hatsi, Mai saukar da ruwa.

Bana na zuba shinkafa ga fadama,
Rima ta cika, ta zo ta yi shafewa.

Taki na bashi, iri ma na bashi,
Mai kuɗɗi na ƙofa, ba shi ɗagawa.

Albasar rani da na aje ga rudu,
Zafi ya bi ta, rabi ta yi ruɓewa.

Tsarana sun tai Legas ci-rani,
Ni mi nika jira ga Kwalkwalawa?

Injin ban-ruwa shi kaɗai ya rage min,
Gobe ina shirin kai shi kasuwa.

Baba Malami, Gidan Igwai:

Ɗana, na ji kukanka har cikin raina,
Ciwon ga naka ya wuce rainawa.

Amma tambayi garin ga da muke ciki,
Da wace wahala anka yi kafawa.

Shehu ya bar Degel a 1804,
Ya sauka Gudu, ba ɗakin kwantawa.

Sunka yi nasara ga Tabkin Kwatto,
Ba a jima ba sai ga ranar Tsuntsuwa.

Can malamai da mahaddata sunka kwanta,
Ga ƙarancin abinci, jama'a na yunwa.

Alwasa ta biyo a 1805,
Nan ma mutane sunka rasu da yawa.

Da sun ce "ya isa" ga wannan rana,
Da wa za shi ga buɗin Alkalawa?

1808 birnin ya faɗi,
Wata shekara Sakkwato na tasowa.

Bello ya aza harsashi bisa tudun ga,
Kai jikansu ne, kak ka yi karayawa.

Bagobirin Sabon Birni:

Baba, a gafarce ni in sa baki,
Birnin da ka ambata namu ne, Gobirawa.

Ya faɗi, amma Gobir ba ta ƙare ba,
Tsibiri da Sabon Birni sun yi tsayawa.

Sai dai tarihi ba shi biyan bashi,
Yaron ga na neman abin dafawa.

Mu nan gabas gonarmu na kallonmu,
'Yan bindiga sun hana mu isawa.

An ce mu jure, wallahi mun jure,
Har yara sun iya barci da yunwa.

Ni naci gare ni har da buga ƙofa,
Ta masu iko, har su yi buɗewa.

Mun rubuta koke, za mu sake wani,
Bakinmu ba za shi yi rufewa.

Inna ta Wurno:

Ku maza kun tai yaƙi kun baro yaro,
Bari in maido ku ga bakin ruwa.

2010 na gani da idona,
Gadar jami'a ma ta yi karyewa.

Mai son ƙetare sai shi nemi jirgi,
Rumbuna sun tai, ɗakuna na rushewa.

Ruwa na janyewa munka bi sawunai,
Lakar da ya bari munka yi shukawa.

Albasa, dankali, tattasai da alkama,
Ranin ga shi ya fisshe mu ga yunwa.

Ɗan nan, kak ka kuskura ka sai da inji,
Da mi zaka ba komai ruwan shayarwa?

In ka cire albasa, bar ta ta sha iska,
Wuyanta shi bushe kahin ajewa.

Tsince mai rauni, guda ta isa ɓarna,
Ɗaga rudu sama, iska na ratsawa.

Kuma kak ka zuba dukiyarka wuri ɗai,
Fadama shinkafa, tudu gero da dawa.

Jajin Nana Asma'u da malfunansu,
A ƙasa suke zuwa birni don koyowa.

Su koma ƙauye su karantar da mata,
Ba mota, ba kwalta, ba gajiyawa.

Muna da adashi, ɗaukata ce ta kusa,
In iri kake so, zan iya rantawa.

Ɗan Fadama, Kwalkwalawa:

Inna, Allah shi saka, na fasa sai da shi,
Zan gyara komai kahin sanyi na saukawa.

Sai dai mai bashi ya ce ran Juma'a,
Ni ɗai ban san ta inda zan farawa.

Baba Malami, Gidan Igwai:
Bagobiri, maganarka ta shiga, na karɓa. Ga tawa ta biyu.

Ɗana, ba ka zuwa gare shi kai ɗai,
Bayan an sauko ni ma ina tahowa.

Aya ta 280 ga Baƙara,
Ta ce mai ƙunci a yi mai jinkirtawa.

Zan karanta mai, in tsaya maka shaida,
A rubuta: biya sai albasa ta yi nunawa.

In ya ƙi ranan, mu koma Assabar,
Da limaminku da mai unguwa.

Kai ko Bagobiri, aiko koken ga naku,
Mu sa hannu da mu da 'yan Gwadabawa.