Wanda ya taɓa komawa OSPF ya ba mu labari

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum ƴan uwa. Rassa huɗu gare mu, kuma duk hanyoyin da ke cikin rautocinmu (na'urorin da ke tura bayanai tsakanin rassa) da hannu nake rubuta su. Yanzu oga ya ce a koma OSPF, wato tsarin da rautoci ke musayar bayanai su gano hanyoyi da kansu. Me kuka gani da kuka koma?

Mai Fayiba: Wa alaikumus salam. Koma ka huta, ɗan'uwa. Mu masu haƙa kwalbati ne suka datse mana fayiba ana tsakiyar aiki. Da yake akwai suwic (na'urar haɗa layuka) a tsakani, rautar ba ta ga layin ya mutu nan take ba. Amma ka san a OSPF duk daƙiƙa 10 rautoci suke yi wa juna sallama, idan maƙwabciya ta yi shiru har daƙiƙa 40 sai a cire ta daga lissafi. Kafin in nemo makullin mashin, komai ya koma bin layin rediyo. A da, sai na je reshen da ƙafata.

Ƴar Zazzau: Malam, kar ka sa ya ɗauka shan shayi ne. Ni kwana biyu na yi rautoci biyu sun gaisa amma sun ƙi musayar bayanan hanya, sun tsaya cak a ExStart, wato matakin shirin fara musayar. Na sauya waya, na kashe na kunna, har na fara zargin na'urar jabu ce. Ashe MTU ne, wato iyakar girman ƙunshin bayanan da layi ke ɗauka, ya saɓa, ɗaya 1500, ɗayar wani ya taɓa rage ta bai gaya wa kowa ba.

Tsohon Hannu: Yaran yanzu kun more. Mu da RIP, tsohon tsarin gano hanya, muka fara, duk daƙiƙa 30 rauta ta karanto wa maƙwabta teburinta kaf, kuma hanya ta wuce tsalle 15 daga rauta zuwa rauta shi ke nan, babu ita. Kai mai tambaya, abin da ya kayar da ni shi zai kayar da kai: tsofaffin hanyoyin hannu. A rautar Cisco lambar fifikonsu 1 ce, ta OSPF 110, kuma ƙaramar ake bi. Na manta guda ɗaya tak, layi ya yanke can gaba, ita kuwa ta ci gaba da zuba kaya a rami. Wuni guda ina zagin OSPF, alhali ba ruwansa.

Ɗan Tudun Wada: Allah ya saka da alheri, Baba. To rauta biyar kacal, sai na raba su yanki-yanki?

Tsohon Hannu: Ina! Zuba su duka a yanki na 0, wato uwar yankunan OSPF. Kuma ka bari sai daren Asabar, ba Litinin da safe ba.